Idan Gwiwa Ta Yi Sanyi a Aikin Ubangiji: Matakan da Za Ka Bi

Akwai safiyar da mai hidima zai farka ya tarar ba ya son buɗe Littafi, ba ya son jin sallama a bakin ƙofa, in ya durƙusa addu'a kuma sai ya ji kamar da bango yake magana. Ni wannan safiya ta same ni a Gadarif, gabashin ƙasar Sudan, farkon 2024, ina kwance a kan angarib, wato gadon igiya, cikin rakuba, wato rumfar zana, da wani bawan Allah ya ara mana. Kafin yaƙi muna da 'yar zumuntarmu ta masu jin Hausa a Haj Yusuf, gabashin Hartum: ɗalibai, masu sana'ar hannu, matan aure, galibi 'yan Filato, Kudancin Kaduna, Bauchi da Adamawa. Da wuta ta tashi ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin gwamnati da dakarun ɗaukin gaggawa na RSF, cikin 'yan makonni motocin kwashe 'yan Najeriya suka tafi da yawancinmu. Mu da muka rage muka nufi Wad Madani. A Disamba ita ma Madani ta faɗi, muka sake ɗaukar ƙafa. Aikin shekaru ya watse kamar kasuwa bayan magariba.

Na rubuta wannan jagora domin duk wanda ke riƙe da wani aiki na Ubangiji, fasto ne ko mai bishara, shugabar zumuntar mata ce ko malamin makarantar Lahadi, wanda zuciyarsa ta karaya har ya fara tambayar ko akwai amfani. Ka buɗe 1 Sarakuna sura 19 ka ajiye kusa da kai, domin yadda Allah ya bi da Iliya shi za mu bi, kuma a jere yadda ya zo. Jerin yana da muhimmanci ƙwarai. Mu masu wa'azi in muka ga wanda ya karaya, da aya muke tararsa. Allah da abinci ya fara.

Mataki na farko: ka ci, ka sha, ka yi barci

Iliya ya gama gwagwarmaya da annabawan Ba'al a Dutsen Karmel, Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa, ya gudu har Biyasheba, ya ƙara tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna gindin wani itace ya ce ya isa haka, Allah ya ɗauki ransa. Mala'ika bai tsawata masa ba. Ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci. Ga gurasa gasasshiya, ga tulun ruwa. Ya ci ya koma barci. Aka sake tashinsa, aka sake ba shi. Sau biyu ke nan, ba a ce masa uffan a kan bangaskiyarsa ba.

To, kafin ka yanke wa kanka hukuncin cewa ka ja da baya a ruhaniya, ka yi kwana 7 kana duba jikinka. Sau nawa kake cin abinci a rana? Ƙarfe nawa kake kwanciya? Mu a nan akwai wata al'ada da yaƙi ya koya mana: duk inda aka samu intanet, sai mutum ya raba dare yana bin hotunan gawarwaki da gidajen da aka ƙone, yana neman ko zai ga unguwarsa. Ka tsayar wa kanka lokaci guda da rana na duba labarai, in an yi magariba waya ta huta. Idan kana azumi a cikin wannan hali, ka ajiye shi tukuna. Azumi alheri ne, amma ba ga wanda jikinsa ya riga ya ƙare ba.

Ka je a gwada jininka. Zazzaɓin cizon sauro, taifot, zazzaɓin dengi da ƙarancin jini duk suna kawo kasala da mutuwar jiki da baƙin ran da mutum zai rantse aljanu ne ko zunubi. Ni sai da matata ta tsare ni wata yamma, ta ajiye kwanon asida, wato tuwon nan ƙasar, a gabana ta ce, "Maigida, kwana uku ke nan shayi kawai kake sha. Ba zan tashi ba sai ka ci, gobe kuma mu je a duba ka." Aka duba, zazzaɓi ne ya daɗe a jikina ban sani ba. Maganin bai dawo da ikilisiyarmu ba, amma ya dawo mini da ƙarfin da zan iya tunani.

Ga wata magana da ba na so a tsallake. Idan baƙin ciki ya wuce mako 2 ba ya ɗagawa, barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, abin da kake jin daɗinsa a da duk ya fita ranka, musamman idan ka fara jin gara ka mutu ko kana tunanin yi wa kanka lahani, to ka faɗa wa wani yau ɗin nan, kada ka kwana kai kaɗai, kuma ka nemi likita ko ma'aikacin lafiya. Ciwon damuwa ciwo ne mai magani. Wanda ya kwana yana jin rugugin bama-bamai, ko ya ga an kashe mutum a gabansa, zuciyarsa ta ji rauni kamar yadda ƙafa ke jin rauni. Zuwa wurin likita ba ya rage komai daga bangaskiyar mutum.

Mataki na biyu: ka faɗa wa Allah gaskiyar abin da ke ranka

Da Iliya ya isa Horeb bayan kwana 40, ya shiga kogo, sai Allah ya tambaye shi abin da yake yi a wurin. Ya zazzage cikinsa: na yi maka kishi, sun rushe bagadanka, sun kashe annabawanka, ni kaɗai na rage. Aka yi iska, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, sannan wata murya siririya. Aka sake yi masa tambayar, ya sake maimaita kukansa kalma da kalma. Allah ya saurare shi har sau biyu.

Mu an tashe mu da cewa mai bi ba ya gunaguni, shi ya sa ko hanji na ƙonewa, in an ce "yaya aiki?" sai mu ce "mun gode Allah." Godiyar gaskiya ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Zabura cike take da kuka. Zabura 88 ma da duhu ta ƙare, babu ko kalmar ta'aziyya a ƙarshenta, kuma Ruhu Mai Tsarki ya bar ta a cikin Littafi. A Makoki sura 3, sai da marubucin ya shafe aya 20 yana lissafa wahala kafin ya kai ga cewa jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya. Mu aya ta 22 da ta 23 kawai muka haddace. Bulus da kansa ya gaya wa Korantiyawa, a wasiƙarsa ta biyu sura 1, cewa wahalar da suka sha a Asiya ta fi ƙarfinsu har suka fid da rai.

Ga yadda za ka yi. Ka sami littafin rubutu na 'yan makaranta. Kowace safiya ka karanta Zabura ɗaya cikin waɗannan da ƙarfi, a hankali: 13, 42, 77, 88, 142. Sannan ka rubuta naka kukan da Hausarka ta gida, ba da harshen bagade ba. Ka ambaci abin da ka rasa da sunansa: gidan, littattafan, wanda ya tafi bai ko yi sallama ba, wanda aka binne ba ka halarta ba. Idan kana fushi da Allah, ka gaya masa. Ai ya riga ya sani. Idan kalma ta ƙi zuwa, ka zauna shiru minti 10, domin Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Kada ka tilasta wa addu'ar ta ƙare da haleluya. In ta zo da kanta, madalla.

A nan ne kuma za ka gyara kuskuren da Iliya ya yi a Biyasheba, inda ya bar baransa ya shiga jeji shi kaɗai. Mai karayar zuciya yakan guji mutane daidai lokacin da ya fi bukatarsu. Ka nemi mutum ɗaya, mai riƙe sirri, wanda ba a ƙarƙashin hidimarka yake ba, ka gaya masa komai. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Ni wani dattijo na samu, mutumin Duwatsun Nuba, a wata majami'a da ke sujada da Larabci. Larabcina ba shi da kyau, amma duk Talata mukan zauna da jabana, wato butar gahawa, a tsakaninmu. Ran farko da na gama magana bai kawo mini aya ba. Ya cika mini finjali ya ce, "Ɗana, sau uku na gudu daga gida a rayuwata. Sha, sai ka ci gaba, ina ji."

Mataki na uku: ka rage kaya, ka ɗauki ƙaramin aiki mai suna

Allah bai ce wa Iliya ya koma ya gyara Isra'ila ba. Ya ba shi hanya da sunaye uku: Hazayel, Yehu, Elisha. Aiki mai iyaka, wanda ƙafa za ta iya kaiwa.

Ka rubuta duk abin da ke wuyanka: wa'azi, ziyara, sasanta ma'aurata, neman kuɗin haya wa wane, amsa saƙonnin waɗanda suka koma gida. Ka raba su gida uku: wanda kai kaɗai za ka iya, wanda wani zai iya in an nuna masa, da wanda zai iya jira har bayan damina. Shawarar da Yetro ya ba Musa ke nan a Fitowa 18, da ya gan shi zaune yana shari'a daga safe har yamma. Daga kason farko ka zaɓi abu ɗaya na wannan mako. Ziyarar gida ɗaya. Sujada ta rabin sa'a a kan tabarma, waƙa biyu, karatu, addu'a, shi ke nan. Tun da Lahadi ranar aiki ce a ƙasar nan, mu ran Juma'a da yamma muke haɗuwa, kuma ban ga inda hakan ya rage mana albarka ba. Ka kuma ware yini guda da ba ka aikin kowa. Yesu ma ya ce wa almajiransa su zo wurin da ba kowa su ɗan huta, a Markus 6:31, lokacin da ko zarafin cin abinci ba su da shi.

Mataki na huɗu: ka sake ƙidaya

Wannan matakin na fi daɗewa a kansa, domin a nan karayar zuciya take yin babbar ƙaryarta. "Ni kaɗai na rage," in ji Iliya. Allah ya ce akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a sura 18 Obadiya ya riga ya gaya wa Iliya baki da baki cewa ya ɓoye annabawa 100 a kogo, hamsin hamsin, yana ba su abinci da ruwa. Iliya ya ji da kunnensa, amma gajiya ta shafe shi daga lissafinsa. Haka take yi wa kowa: abin da ya lalace take ƙirgawa, ta tsallake wanda ya tsira.

Ka juya wancan littafin naka ta baya. A shafin ƙarshe ka fara rubuta sunayen waɗanda hidimarka ta taɓa, da inda kowa yake yanzu. Ni da na yi, sai na ga zumuntarmu ba mutuwa ta yi ba. Wata tana koyar da yara a Jos, wani yana jagorar waƙa a Alkahira, wasu ma'aurata da na sasanta suna tare har yau. A Ayyukan Manzanni 8, tsanani ya watsa masu bi daga Urushalima, waɗanda suka watsu kuwa suka tafi da Maganar duk inda suka je. A cikin wannan surar ce Filibus ya haɗu da ma'ajin Kandake, kuma Kandake laƙabi ne na sarauniyoyin Merowe, wadda dalarta ke tsaye har yau a arewacin Shandi. Ashe ƙasar da muke gudun hijira a cikinta tana cikin labarin tun farko.

Ka sa har da alherin da ya zo ta hannun da ba ka zata ba. Mai rakubar da muka zauna Bahaushe ne Musulmi, haifaffen nan, kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar hajji suka yada zango. Ya san ni Kirista ne. Ran da muka iso ya dube ni ya ce, "Malam, baƙo ai na Allah ne. Ku shiga." Ɗansa mai gasa agashe yakan aiko mana da ragowar tsire da dare. Ni na rubuta sunansu a wannan shafin, domin hankaki ma Allah ya taɓa aika wa Iliya da abinci, balle ɗan Adam mai zuciya.

Sannan ka yi hattara da ma'aunin da kake auna kanka da shi. A 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kai bishara ƙasashen da a lokacin ake kira Sudan, har da ƙasar Hausa. Cikin shekara guda biyu suka rasu. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Daga wannan aikin ne ikilisiyar ECWA ta fito. Wanda ya auna Bingham a 1900 zai ce shekara bakwai sun tafi a banza. Galatiyawa 6:9 ta yi alkawarin girbi a lokacinsa, ba ta ce a lokacinmu ba.

Mataki na biyar: ka shuka wani abu inda kake

Wannan ba a labarin Iliya yake ba, daga Irmiya na ɗauko shi, amma ban ga yadda ɗan gudun hijira zai warke ba tare da shi ba. Mun yi watanni kayanmu na ƙulle a buhu, kullum muna cewa wata mai zuwa za mu koma Hartum. Wanda ke zaune a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa ba ya hutawa, ba ya kuma aiki. Irmiya 29 wasiƙa ce ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila: ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku nemi zaman lafiyar birnin, ku yi masa addu'a. A sura 32 kuma, Urushalima na kewaye da maƙiya, shi yana tsare, ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa, ya ce a sa takardun cikin tulu don su daɗe. Bege irin na Littafi abu ne da ake yi da hannu.

Hausawa da Fulanin da suka taso bayan yaƙin Burmi a 1903 suka kafa Maiurno a bakin Shuɗin Nilu sun san wannan darasi. Sun kafa gari, sun yi noma, ga jikokinsu nan. Kai ma ka kwance buhunka. Ka kafa ƙusa ka rataye riga. Da damina ta sauka a baƙar ƙasar Gadarif, inda dawa da riɗi ke yi, na roƙi kamu biyar a bayan gida na zuba kuɓewa da yakuwa. Ka koyi gaisuwar unguwa, ka je ta'aziyya da barka, in akwai inda ake dafa wa 'yan gudun hijira abinci ka je ka ɗauki itace ko ka wanke tukunya.

Mataki na shida: ka nemi Elisha

Iliya ya tarar da Elisha yana huɗa, ya jefa masa alkyabbarsa. Daga nan bai ƙara tafiya shi kaɗai ba.

Tarihin ƙasar nan yana da gargaɗi mai nauyi a kan wannan. Masarautun Nubiya sun karɓi bishara a ƙarni na 6, suka riƙe ta kusan shekara 900. Soba, babban birnin Alwa, ɗaya daga cikin masarautun, tana nan kusa da Hartum, ta zama kufai. Wani limamin Kirista ɗan Fotugal da ya zauna a Habasha a shekarun 1520 ya rubuta cewa mutanen Nubiya sun aiko suna roƙon a ba su malaman addini, ba a kuwa ba su ba. Dalilan shuɗewar wannan ikilisiya suna da yawa, amma duk sa'ad da na tuna mutanen da suka yi doguwar tafiya neman mai koya musu suka koma hannu rabbana, sai in ji ba ni da izinin riƙe aiki a hannuna ni kaɗai.

Ka dubi wanda ke kusa, ko da yaro ne, ko da ba ya iya karatu sosai. Makon farko ka ba shi karatun nassi. Ku zauna tun ran Laraba ku bi ayoyin tare, ka nuna masa inda zai tsaya ya numfasa. Mako na biyu ya buɗe da addu'a. Bayan wata guda ka tafi da shi ziyara, a hanyar dawowa ka tambaye shi abin da ya lura. Idan ya yi kuskure kada ka gyara shi a gaban jama'a, ka bari sai kun keɓe. Idan matarka ce ko 'yarka ta fi kowa iya jan waƙa, ka ba ta.

Namu wani saurayi ne ɗan Bauchi, mai gyaran waya a kasuwa, wanda motocin kwashe mutane suka bari domin ba shi da fasfo a hannu. Ran da na fara ce masa ya yi mana karatu sai ya ja da baya ya ce, "Baba, ni fa aji uku na tsaya." Na ce masa ba komai, Laraba ya zo da Littafinsa. Juma'ar da ta biyo baya zazzaɓi ya sake kwantar da ni, ina kan angarib a cikin rakuba, su kuma suna waje a kan tabarma biyu. Ta cikin zana nake jin muryarsa yana bin Zabura 42 da yatsa, yana tuntuɓe a wasu kalmomin, matata tana ɗora shi a hankali.